A Daina Ganin Laifin Nas Mai Tambaya Kafin Allura

Edita,

Ina roƙon ka taimaka mini da fili a cikin wannan jarida tamu mai farin jini, domin in tofa albarkacin bakina a kan wata magana da ta shafi lafiyarmu mu mutanen karkara. Ni dai manomi ne, da rani kuma ina ɗan taɓa tireda a bakin kasuwar garinmu. Karatuna bai wuce firamare ba, saboda haka masana su yi mini afuwa in Hausata ta zo a karkace. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A 'yan shekarun nan an sha maganar ma'aikatan jinya, wato nas-nas, a gidajen rediyo. A watan Fabrairu na shekarar 2024 magatakardan Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya na wancan lokaci ya fito ya ce nas-nas 42,000 sun bar ƙasar nan a cikin shekara uku, kuma fiye da 15,000 daga cikinsu a shekarar 2023 kaɗai suka tafi. A watan ne hukumar ta fitar da doka cewa sai mutum ya yi aikin shekara 2 kafin ta tantance masa takardunsa na fita waje, nas-nas kuma suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. A ranar 30 ga watan Yuli na 2025 kuma ƙungiyarsu ta shiga yajin aikin gargaɗi a kan alawus da ƙarancin ma'aikata, aka yi 'yan kwanaki kafin su janye.

To, duk muhawarar da aka yi a kan albashi ne da fita Ingila da Amurka da Saudiyya. Ban ji wanda ya tsaya ya faɗa wa talakan ƙauye abin da yake rasawa in nas mai lasisi ya tafi ba. Da yawanmu gani muke yi ai allura ce, kowa ma zai iya sokawa. Wannan tunani shi nake so mu zauna mu duba, domin yana cin rayuka a ɓoye, mu kuwa sai mu ce kwana ne ya ƙare.

Da farko, mene ne lasisin nan? Hukumar da na ambata, wadda aka kafa da doka a shekarar 1979, ita ke da ikon cewa wane nas ne, wance ungozoma ce. Ɗalibi yakan yi shekara 3 zuwa 5, gwargwadon irin makarantar da ya shiga, amma ko ya gama makarantar ba shi da ikon kiran kansa nas sai ya ci jarrabawar hukumar. Jarrabawar kuwa kashi biyu ce. Akwai ta amsa tambayoyi, akwai kuma ta gwaji, inda ɗalibi zai riƙa zagayawa tebur-tebur, a kowanne a ba shi 'yan mintoci ya nuna da hannunsa yadda zai yi aikin, mai jarrabawa na tsaye yana ba shi maki. Kuma lasisin ba na har abada ba ne, ana sabunta shi lokaci-lokaci bayan an koma an ƙaro sani.

Mai karatu zai ce, kai manomi ina ka san wannan? 'Yar ƙanena ce ke shirin wannan jarrabawa. In ta zo hutu, ita da ƙawarta sukan zauna a zaure suna yi wa juna tambayoyi, ni kuma in sun gama sai in ce, 'yata, juya mini da Hausa. Abin da na tsinta ke nan nake so in raba da 'yan uwana. Kuma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, soka allurar ita ce ƙaramar aba a cikin karatun. Mafi yawansa a kan abin da ake yi ne kafin a ba da magani, da abin da ake lura da shi bayan an bayar.

Abu na farko da ake koya musu shi ne duba majiyyaci kafin a taɓa kwalbar magani. Akwai awo 4 da ba a tsallakewa: zafin jiki, bugun jini, numfashi, da awon hawan jini. Zafin jikin mai lafiya yana wajen 37 a ma'auni. Bugun jinin babban mutum yana tsakanin 60 da 100 a minti ɗaya, numfashinsa kuma tsakanin 12 da 20. Awon jini in ya kai 140 bisa 90 kuma ya zauna a nan, to hawan jini ne, ko da mutum bai ji ciwon komai ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana iya sa a fasa ba da maganin da aka riga aka rubuta. Misali akwai wani maganin ciwon zuciya da ba a ba babban mutum sai an ƙirga bugun jininsa minti guda cur, in ya gaza 60 sai a dakata a kira likita. Haka allurar ciwon suga, ba a yinta da ka, sai an san awon sugan mutum da kuma ko ya ci abinci, domin in suga ya faɗi ƙasa warwas mutum na iya sumewa.

Ga yara kuwa abin ya fi tsanani. Yaro ya zo da zazzaɓi da tari, mu a ƙauye sai mu ce zazzaɓin sauro ne, ko haƙori, ko iska. Nas da ya san aikinsa zai ɗaga rigar yaron ya ƙirga numfashinsa minti guda. Jaririn da bai kai wata 2 ba, in ya yi 60 ko fiye, akwai matsala. Daga wata 2 zuwa shekara 1, 50 ne iyaka. Daga shekara 1 zuwa 5 kuma 40. In ya kai haka, ko kuma ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki in ya ja numfashi, to ana zargin limoniya, kuma maganin zazzaɓin sauro ba zai taɓa ta ba ko an ba shi kwali guda. Jama'a ku duba fa, wannan awo ba ya bukatar wata na'ura, agogo ne kawai da ido da haƙurin minti ɗaya. Amma sau nawa muka ga mai kemis ya yi shi?

Akwai kuma alamomin da in an gani ba a tsayawa wani haɗa magani, sai dai a ce maza a tafi babban asibiti: yaro ya kasa shan nono ko ruwa, yana amayar da duk abin da ya shiga bakinsa, yana jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai. Sanin lokacin da za ka ce wannan ya fi ƙarfina, shi ma yana cikin jarrabawar.

Bayan awo sai tambayoyi, kuma a nan ne muke yin fushi. Shekararka nawa? Yaushe ciwon ya fara? Me ka sha a gida, na Bature ko na gargajiya? Akwai maganin da ka taɓa sha ya sa maka ƙaiƙayi ko borin jini ko kumburin fuska? Kana da gyambon ciki? Ke kuma, kina da juna biyu, ko kina shayarwa? Yaushe rabon yaron da fitsari? Sai ka ji mutum ya ɓata rai yana cewa, ni magani na zo karɓa ba shari'a na zo ba. To ga dalilin kowace tambaya. Kafso ɗin nan ja da rawaya da muke sha kamar gyaɗa, ba a ba mai ciki, ba a ba yaron da bai kai shekara 8 ba, domin yana ɓata haƙora. Magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibuprofen, waɗanda mu manoma muke nema in mun dawo daga huɗa, suna iya fasa gyambon ciki har mutum ya yi amai ko bayan gida na jini, suna kuma wahalar da ƙoda in an daɗe ana sha. Asfirin ba na yara ba ne. Wanda jikinsa ba ya son Septrin ko Fansidar, in aka sake ba shi, fatarsa na iya saɓulewa kamar wanda ya ƙone. Wanda jininsa bai karɓi allurar fenisilin ba kuwa, cikin 'yan mintoci numfashi na iya sarƙe masa. Ta ina nas zai san duk wannan in bai tambaya ba? Goshin mutum dai ba allo ba ne da za a karanta. Matambayi ba ya ɓata, in ji masu iya magana.

Abu na biyu shi ne ƙa'idoji 5 da kowane ɗalibin jinya ke haddacewa kamar karatun allo. Kafin magani ya shiga jikin mutum, sai an tabbatar: wannan shi ne majiyyacin da aka rubuta wa, wannan shi ne maganin, wannan shi ne adadin, wannan ita ce hanyar da za a bayar, ko ta baki ko ta tsoka ko ta jijiya, kuma wannan shi ne lokacin. Ana karanta sunan maganin a jikin kwalba sau 3, lokacin ɗaukowa, da lokacin zubawa, da kafin a mayar. Ana duba ranar lalacewarsa. In an bayar kuma a rubuta nan take, don kada wanda ya karɓi aiki da dare ya sake bayarwa. Wani zai ce tabbatar da suna kuma har wani aiki ne? To a ɗakin mata guda ɗaya za ka iya samun masu suna ɗaya su 3, kuma a cikinsu wata ma ba za ta amsa da bakinta ba in an kira sunan ɗan farinta don kunya. Ashe kuwa dole a bi a hankali.

An kuma koya musu cewa in likita ya rubuta abin da bai karantu ba, ko adadin ya yi wa nas yawa a ido, kada ya yi shaci-faɗi, ya koma ya tambaya. Hannun da ya ba da magani yana da nasa alhakin, ba zai ce ai umarni aka ba ni ba.

Abu na uku lissafi ne, kuma a nan mu manoma ya kamata mu fi kowa ganewa. Wane ne a cikinmu zai zuba maganin feshi a cikin tankin goyo ba tare da ya auna da murfi ba? Mun san in ya yi kaɗan ciyawa ba za ta mutu ba, an yi asarar kuɗi, in ya yi yawa kuma shukar ce za ta ƙone. Taki ma in ka cika shi a gindin masara ƙone ta zai yi. To me ya sa muke auna wa gona, amma ɗan da muka haifa sai a ce ba shi rabin na manya?

Maganin yaro da nauyinsa ake lissafa shi, shi ya sa ake ɗora shi a sikeli. Farasitamol, misali, miligiram 10 zuwa 15 ne a kan kowane kilo na nauyin yaro. Yaro mai kilo 10 ke nan bai wuce miligiram 150 a sha ɗaya ba. In ruwan maganin mai miligiram 120 ne a cikin mil 5, to mil 6 da ɗan ɗoriya ke nan, kuma da murfin awo ko sirinji ake aunawa, domin cokulan gidajenmu wani ya ninka wani. Babban mutum kuwa kada ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a yini da kwana, in ya zarce hanta ce ke biya. Abin tsoron shi ne yawancin magungunan mura akwai farasitamol a cikinsu, sai mutum ya haɗa biyu ko uku yana tsammanin daban-daban ne, alhali abu ɗaya yake ta ninkawa.

Haka maganin zazzaɓin sauro na zamani, wanda ya maye gurbin kulorokwin tun wajen 2005 da aka ga ƙwayar cutar ta daina jin sa. Irin mai ƙananan ƙwayoyi 24 a katin manya, yaro mai kilo 5 zuwa ƙasa da 15 ƙwaya 1 yake sha, daga 15 zuwa ƙasa da 25 ƙwaya 2, daga 25 zuwa ƙasa da 35 ƙwaya 3, daga 35 zuwa sama ƙwaya 4. Sau 6 ake sha cikin kwana 3, tare da abinci mai ɗan maiƙo ko nono, kuma bayan an yi gwajin jinin yatsa da ba ya wuce minti 20. Mu kuwa da zarar jiki ya yi sanyi a rana ta biyu sai a ɗaga sauran a saka a cikin kwalla, wai sai wani ya kwanta. Ban kawo waɗannan alƙaluma don kowa ya zama likitan gidansa ba. Na kawo su ne don mu ga cewa abin da ake yi a bayan teburin nan ilimi ne mai ƙa'ida.

Ƙarin ruwa ma da muke ɗauka kamar shi ne sarkin magani, lissafi gare shi. Ga irin tambayar da na ji yaran nan suna yi wa juna: an ce leda mai mil 500 ta shiga cikin awa 4, igiyar kuma ɗigo 20 ne ke ba da mil 1, ɗigo nawa za a sa a minti? Sai ka buga 500 sau 20, ka raba da minti 240, ya ba ka ɗigo 42. In aka sake shi yana zuba kamar famfo a jikin jariri, ko tsoho, ko mai ciwon zuciya ko ƙoda, ruwan na iya taruwa a huhu. Amma yau a ƙauyuka za ka ga an rataye leda a jikin ƙusa a bayan shago, mai shagon ya koma yana sayar da kaya, ba mai ƙirga komai. Alhali yawancin gudawar yara, in ba ta yi tsanani ba, ruwan gishiri da sukari na ƙunshi da ƙwayar zinki na kwana 10 zuwa 14 sun wadatar.

Abu na huɗu shi ne lura bayan an bayar. Mace mai ciki in ta kamu da jijjiga, akwai allurar da ke ceton rai da yardar Allah, amma kafin a maimaita ta sai ungozoma ta ƙwanƙwasa gwiwar matar ta ga ƙafa ta harba, ta ƙirga numfashinta, ta auna yawan fitsarin da take yi, kuma maganin karya ƙarfin allurar na ajiye kusa. Allurar naƙuda kuwa, wadda wasu ke bi gida-gida suna yi wa mata wai don haihuwa ta zo da sauri, in aka yi ta ba a duba kwanciyar ɗa da buɗewar hanya ba, tana iya fasa mahaifa, a rasa uwa a rasa ɗa. Ita kanta allurar ɗuwawu tana da wurinta, can sama ta gefen waje, domin akwai babbar jijiya da ta bi ta nan zuwa ƙafa, in aka soke ta yaro na iya tashi yana jan ƙafa har tsufansa. Shi ya sa jarirai a cinya ake yi musu. Sirinji kuma sau ɗaya ne, in aka maimaita shi ana iya raba ciwon hanta da ƙanjamau a tsakanin mutane.

Kada mai karatu ya ga kamar tsoratarwa nake yi. A shekarar 1990 yara fiye da 100 suka rasu a Jos da Ibadan saboda ruwan farasitamol da aka haɗa da wani sinadari mai guba. A ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 maganin haƙorin yara mai suna My Pikin ya kashe yara 84 a ƙasar nan, irin wannan guba dai. A 2022 yara wajen 70 suka rasu a Gambiya bayan shan wasu magungunan tari da aka shigo da su daga Indiya. A duka ukun ƙoda ce ke tsayawa, yaro ya daina fitsari. Laifin na masu haɗa maganin ne, ba shakka. Amma ta yaya ake gano irin wannan a tsayar da shi kafin ya gama da gari? Ta hanyar tambayoyin nan biyu da muke raina wa: me kuka ba shi a gida, kuma yaushe rabonsa da fitsari, sa'an nan a rubuta a kai rahoto. Inda ba a tambaya ba a rubutawa, yara za su yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya ana cewa mayu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2017 ta ƙaddamar da gangami na musamman a kan kuskuren magani, ta ce yana jawo wa duniya asarar kimanin dala biliyan 42 a kowace shekara. In ƙasashen da ke da komai suna kuka da shi, ina ga mu?

Yanzu bari in zo kan namu laifin, domin in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. A ƙauye wa muke yabo? Wanda kafin ka gama bayani ya riga ya fasa kwalba ya zuƙa. Shi ne ake cewa hannunsa na da kyau, ya san aiki. Wanda ya ce bari in auna, ko je ka yi gwaji, ko wannan ba ya bukatar allura, sai a ce bai iya ba, ko yana ja mana rai. Mutum zai miƙa kuɗi ya ce a haɗa mini na ɗari biyar, a zubo masa ƙwayoyi kala biyar a ƙullin leda, babu suna babu kwali, ya watsa a baki. Gobe in ya rikice aka kai shi asibiti aka ce me ya sha, sai a ce wata fara da wata 'yar shuɗiya. Wasu kuma ɓoyewa suke yi don kada a yi musu faɗa. Kowa ya sa farar riga mun ba shi sunan dakta. Alhali takardar izinin mai kemis ta sayar da ƙananan magunguna ce a cikin kwalinsu, ba ta ba shi ikon yin allura ko ƙarin ruwa ba. Wanda ya yi wata 6 yana wanke kwanoni a wani asibitin kuɗi ya koyi soka allura, hannu ya koya, bai koyi dalili ba. Ƙaramin sani kuwa ƙuƙumi ne.

Na san abin da 'yan uwana za su ce, kuma suna da gaskiyarsu. Za su ce asibitin na da nisa, kuɗin mashin kaɗai ya fi kuɗin maganin, in ka je ma ka tarar a kulle ko ba ma'aikaci, mai kemis kuwa yana nan ko da tsakar dare, har bashi yana bayarwa. Za su ce wasu nas-nas ɗin ma masu lasisin ba sa auna komai, ga tsawa ga wulaƙanci. Duk haka ne, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Nas ɗaya da aka bar wa majiyyata cike da ɗaki shi kaɗai da dare, ba ma'aunin zafi, ba sikeli, ba wuta sai fitilar waya, ko ya ci jarrabawa da maki nawa dole wata rana ya tsallake wani abu. Kuma duk nas ɗin da ya hau jirgi, nauyinsa a kan wanda ya rage yake faɗawa. To amma wannan hujja ce ta a ƙaro masu ilimin a ba su kayan aiki. Ba ta zama hujjar mu miƙa 'ya'yanmu ga wanda bai san komai ba.

Saboda haka ina da kira guda biyar.

Na farko ga gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi. Ana yaye ɗalibai kowace shekara, da yawa suna zaune a gida da lasisinsu ba a ɗauke su aiki ba, ga asibitocin karkara babu kowa. A ɗauke su, a biya su a kan lokaci, a ba wanda ya yarda ya zauna a ƙauye ƙarin alawus da ɗaki mai tsaro. Doka kaɗai ba za ta riƙe mutum ba in cikinsa ba komai. Kuma kowane asibitin sha-ka-tafi a tabbatar yana da ma'aunin zafi, da na hawan jini, da sikelin yara, da kayan gwajin zazzaɓi. Kuɗinsu duka bai kai na tayar motar shugaban ƙaramar hukuma ba.

Na biyu ga hukumar jinya da makarantu. Kada ƙarancin ma'aikata ya sa a sassauta jarrabawar, kada kuma a bari kuɗi ko sanayya su shiga cikinta. Wanda aka ɗaga wa ƙafa a lissafin magani, a jikin ɗan talaka zai yi gyaran kuskurensa. A kuma riƙa zagayawa ana rufe makarantun bogi da ke karɓar kuɗin iyaye suna raba farar riga.

Na uku ga 'ya'yanmu ɗalibai. Ku yi karatun nan don ranar da za ku tsaya ku kaɗai a kan majiyyaci, ba mai jarrabawa a bayanku sai Allah. Kuma ku riƙa yi mana bayani da Hausa cikin sakin fuska. In kun ce wa tsoho, Baba, ina tambaya ne don kada maganin ya taɓa maka ciki, wallahi zai faɗa muku har abin da ba ku tambaya ba.

Na huɗu ga 'yan uwana 'yan tireda da masu tallar magani a faranti ranar kasuwa. Magani ba ashana ba ne, ba omo ba ne. Rana na kashe shi, kuma ba mu san wanda zai sha ba. Ribar da ke cikinsa ba ta kai alhakin rai ba. Masu kemis na gaskiya kuma su tsaya inda takardarsu ta tsaya, in abu ya wuce nan su tura asibiti, mutuncinsu ƙaruwa zai yi.

Na biyar gare mu duka, da dagatai da masu unguwanni da limamai. Duk baƙon da ya zo gari ya buɗe wurin allura, mai unguwa ya nemi ganin takardarsa, ko ta nas, ko ta ungozoma, ko ta jami'in lafiyar al'umma, domin su ma suna da tasu hukumar da nasu lasisin. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba. Direba ma ana tambayarsa lasisi, balle mai riƙe da allura. In za mu asibiti mu tafi da kwalin duk abin da aka sha a gida, mu faɗi gaskiya har da jiƙo da saiwa. Mu duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, wanda bai iya karatu ba ya ba ɗan makaranta ya duba masa. Kafin a yi wa ɗanka allura, ka tambaya cikin ladabi: mene ne sunanta, ta mece ce, an auna nauyinsa? In aka ba ka magani kuma ka tambaya sau nawa, kwana nawa, kuma me zan gani in dawo da sauri?

Daga ƙarshe, Edita, ina roƙon gidajen rediyonmu su riƙa gayyato nas-nas da ungozomomi suna bayyana waɗannan abubuwa, musamman da damina lokacin da zazzaɓi ke yawa, domin in kunne ya ji, jiki ya tsira. Rai na hannun Allah, amma shi ne ya ce mu nemi magani, kuma a wurin masu saninsa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba ɗalibanmu sa'ar jarrabawa, ya sa shugabanninmu su ji kukan talakawa, amin.

 

Naka mai karanta jaridarka kullum,
Wani manomi ɗan tireda,
daga Jihar Jigawa.